Dodo ya warke, mun gode mun gode

Alhamdulillahi jiya aka cire wa karenmu Dodo zaren ɗinki, kwana 12 cif da tiyatar hanjin da aka yi masa, likita ta danna cikin ta ce ya haɗe lafiya lau. Ni kam daren jiya ne na fara barci irin na mutane. Duk kun bi abin tun daren da ya fara amai, ba sai na maimaita ba, godiya na zo yi, in na tsallake wani dan Allah ya yafe min kaina bai gama dawowa daidai ba.

Wanda ya san gidanmu ya san ba ni da abokin gaba kamar karen nan. Shekara 4 yana gidan, takalmana ƙafa uku ya cinye, rimot biyu, ƙafar kujera, har takardar haihuwar Auta ya taɓa yagawa. Rabin faɗan da muka taɓa yi da Baban yara a kan Dodo ne wallahi, sau nawa ina cewa ko ni ko shi, sai ya ce min wai haƙuri yaro ne zai daina, kare da haƙora 42 a baki tun bai shekara ba wai shi ne yaro.

To ranar da likita ta fito da hoton cikinsa ta ce tsumma ba ya fita sosai a hoto, iska kawai take gani ta taru hanjin ya kumbura, sai da aka yi sikanin sannan ta ce lallai wani abu ya toshe kuma in aka ƙara jira hanjin zai iya mutuwa a wurin, sai ta miƙo takardar amincewa. Baban yara ya karɓi biro hannunsa na rawa ya kasa rubuta sunansa, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Ni na fizge biron na sa hannu. Ni ɗin da nake cewa a kai shi ko ina ne. Har yanzu in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayan an fito. Safa ce aka ciro, ta makaranta, ta Auta, kuma yaron yana tsaye ya gane abarsa. Bai yi kuka ba, shiru kawai ya yi ya koma bayan ƙofa, ashe tun ranar farko ya san ya yar da ita a ƙasa ya kasa faɗa wa kowa, kwana uku yaro ɗan shekara 7 yana ɗauke da abin shi kaɗai. Mu iyayen ba mu ma lura ba. Nas ɗin da ke riƙe da ledar ce ta gani, ta ajiye aikinta ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce masa ƙanena, kare yana bin abin da ke da ƙamshin wanda yake so ne, ya zaɓi taka don kai ya fi so, ba laifinka ba ne. Sai a lokacin ya fashe da kuka ya rungume ta. Baiwar Allah na san ba ki son a ambace ki, amma sai na faɗa, Allah Ya faranta miki yadda kika faranta wa ɗana, Ya ba ki masu durƙusa wa naki 'ya'yan ranar da ba kya kusa, Ya raba ki da baƙin ciki duniya da lahira, amin.

An ce mana kwana 3 zuwa 5 bayan aikin hanji su ne masu haɗari, lokacin ne ɗinkin ciki kan iya buɗewa, sai muka raba dare, Baban yara daga farko ni daga ƙarfe biyu, a auna zafin jiki a ga bai wuce 39 da ɗan wani abu ba, a ɗaga leɓe a duba dasashi bai yi fari ba. Ƙarshe dai ba wanda ya bi rabon, mu biyu muke zama a ƙasa Dodo a tsakiya da robar nan mai kama da mazurari a wuya yana buge mu da ita duk juyin da ya yi. Hirar da muka yi a dararen nan rabonmu da irinta tun kafin a haifi Auta. A nan ma ya amsa cewa shi ne yake ba shi abu a ɓoye ƙarƙashin tebur, shekara 4 ina zargin yara.

Maƙwabcinmu da ya fito da mota ƙarfe biyun dare ko tambaya bai yi ba, ƙanwata da ta kwashe yaran har kwana biyar, abokin Baban yara da ya turo abin da ya turo kafin a buɗe baki, likita da ke ɗaga waya ko da asuba, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya rufa muku asiri, Ya sa kada ku ga ranar da za ku nemi taimako ku rasa. Waɗanda kuma suka aiko mana da saƙon ai kare ne kawai, mun gani, ba komai, dama ba don karen muka so ku leƙo ba, yara ne suke ta tambayar ina kawunsu.

Yanzu kwandon wanki ya samu murfi, likita ta ce sai ya ƙara kwana biyu a fara ɗan fita da shi yawo sannu a hankali, wai yawancin ɓarnar zaman kaɗaici ne da rashin motsa jiki. Sannan wanda ya zo dubiya ranar Lahadi ya manta farar caja a falo, ya zo ya karɓi rabinta, ɗaya rabin mun lalubo shi a bakinsa kafin ya haɗiye.