Puff Daddy ɗin da muka sani a kaset

Jiya a shagon aski wani yaro ya tambaye ni wai wane ne wannan Diddy da ake ta surutu a kansa. Na yi dariya, don mu a zamaninmu Puff Daddy muka san shi, hotonsa manne a bangon masu sayar da kaset.

Sunansa na gaskiya Sean Combs, ya kafa kamfanin waƙa na Bad Boy Records a 1993 bayan an sallame shi daga kamfanin Uptown Records. Shi ya fito da mawaƙi Notorious B.I.G., wanda aka harbe a Los Angeles a Maris 1997. Daga waƙa ya faɗa sayar da tufafi da sunan Sean John, sai giyar Ciroc. Muna samari muna ganin kamar duk abin da ya taɓa sai ya zama kuɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bidiyon da CNN ta fitar a Mayu 2024, yana dukan budurwarsa ta lokacin, mawaƙiya Cassie Ventura, a wani otal a 2016. Wallahi kasa kallonsa na yi har ƙarshe. Shekara da shekaru ana ta ƙus-ƙus, amma masu cin abinci a hannunsa kowa ya kama bakinsa. Su ma ban wanke su ba.

An kama shi a New York a Satumba 2024. A Yuli 2025 kotu ta wanke shi daga manyan tuhume-tuhumen safarar mata don lalata da haɗa baki wajen aikata laifi, ta same shi da laifi biyu na jigilar mutane don karuwanci. Wata 50 alƙali ya yanke masa. Yaron ya ce, "Yallaɓai, wata 50 kawai?" Na ce masa har da tarar dala dubu 500.