Wa ke cika ragowar kuɗin?

A darasin kasafin kuɗin ƙasa da muka yi a jami'a nan Damagaram, abin da ya fi zauna mini shi ne wannan: idan gwamnati ta sauƙaƙa wa magidanta kuɗin wuta ko na mai, wani ne ke cika ragowar. Ko baitulmali ta biya, ko a yafe haraji, ko a bar wa kamfani giɓin ya je ya ci bashi.

Mu 'yan bakin iyaka mun fi kowa ganin haka. Shekara da shekaru 'yan kabu-kabu na shan mai a hannun 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da man da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, ƙasa da farashin gidan mai. Arahar nan baitulmalin Najeriya ke biyan ta, mu kuwa muna sha ba ko godiya. Da shugaban Najeriya Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ruwa-ruwa ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. Matatar manmu ta Nijar, SORAZ, da aka buɗe a 2011, wadda ƙarfinta ganga 20,000 ne a rana, ita aka ɗora wa kayan. A Yulin 2024 gwamnatinmu ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Kowa ya yi murna, har da ni. A Maris 2025 kuma sai ga dogayen layuka. Dalilai sun yi yawa, amma wanda ya yini a layi bai ɗauki fasinja ba, ya biya wannan rangwamen da lokacinsa.

Tallafin wuta ya fi damuna. Kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, na da farashi mai rahusa ga gidajen da ba su shan wuta da yawa, kuma niyyar kyakkyawa ce. To amma sai mai mita ke samu. Mafi yawan 'yan Nijar ba su da lantarki sam. Manomin ƙauye a Tanut ko Gure yana biyan haraji cikin sukari da sabulun da yake saya, da dare kuma tocila yake haskawa. Kuɗinsa na cikin tukunyar, hannunsa bai kai ba.

Ban ce a cire tallafi ba. Uwar gidan da ke dafa abinci da gas mai rangwame ta rage sarar itace. Abin da nake so a riƙa bayyanawa kowace shekara shi ne nawa aka kashe, gida nawa suka amfana, kuma ƙauye nawa kuɗin zai iya ja wa wayar lantarki.