Hawan Mambila da tsohuwar Land Cruiser: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Wata tara ke nan da na sayi tsohuwar nan, Land Cruiser 80 mai injin 1HZ, wata bakwai kuma ina zuwa gareji duk Asabar ina miƙa wa maigidana sufana. A baya kun ji yadda na koyi juyen baƙin mai da ɗaure fanbel. Wannan karon fita muka yi ta gaske, ni da ƙanena: Kano, Gombe, Numan, muka kwana Jalingo, washegari muka bi Garba Chede da Bali zuwa Serti, da niyyar hawa Mambila har Gembu.

Kafin tafiya na canza bel ɗin taimin, don ban san tarihinsa a hannun mai motar na farko ba. Na sa sabbin tiyo biyu na lagireto, na ajiye tsofaffin a but. Na ɗauki safaya biyu, jak da katakon ɗora shi, filtar mai biyu, waya, tsohon tiyub, da jarkar ruwa mai lita 25. A raina na gama shiri. Abu ɗaya ne ban taɓa ba, don ban ma san ana taɓa shi ba.

Har Serti lafiya lau. A miƙaƙƙen titi iska ce ke sanyaya lagireto, motar ba ta neman komai wurin fanka. Daga Mayo Selbe labari ya canza. Nan ne gindin dutsen, hanya ta fara nannaɗewa, kwana na bin kwana, giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya. Injin 1HZ lita 4.2 ne, silinda shida, ba shi da turbo, iskar da ya shaƙa da kansa ita ce abincinsa. Tudun Mambila kuwa ya kai wajen mita 1,600, kuma inji irin wannan yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita ɗari ta hawa. Sai ka taka totur, ta amsa da baƙin hayaƙi maimakon gudu. Man da bai ƙone da kyau ba zafi yake ƙarawa, ni kuma na ci gaba da takawa.

Ƙanena ne ya fara gani. "Yaya, allurar nan fa ta motsa." Ku riƙe wannan: allurar zafi ta wannan motar tana zama daram a tsakiya ko ruwa na ƙara zafi, ba ta tashi sai abu ya yi nisa. In ta gota tsakiya, an riga an makara da 'yan mintuna. Na kashe AC, na kunna hita har ƙarshe, muka sauke gilasai muna gumi. Hita ƙaramin lagireto ce a cikin mota, tana jan zafi daga inji. Da muka sami fili gefen hanya na faka, na sa duwatsu bayan tayoyi, na bar injin yana aiki a silo. Hannuna ya kai kan makulli sau biyu na janye, don maigidana ya sha faɗa mini: muddin ruwa bai zube ba, kashe inji mai zafi nan take tsayar da zagayawar ruwa ne, zafin ya taru a kan inji. Kan 1HZ kuma ba ya yafe zafi, tsagewa yake.

Murfin lagireto ban taɓa shi ba. A tsawon Mambila ruwa yana tafasa a wajen digiri 95, murfin ne ke danne shi ya hana shi tafasa. Ka buɗe da zafi, abin da ke ciki ya tashi gaba ɗaya, fuskarka ce a gabansa.

Da ta huce na fara zarge-zarge. Tiyo ba ya yoyo, fanbel a ɗaure, ruwa a cike. Sai zuciyata ta tafi kan tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗumama, har na ɗauko sufana. Kun san al'adar garejinmu, mota ta ɗau zafi, a cire tamostat a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Ina tsugune sai wata tsohuwar Land Rover ta tsaya bayanmu, irin waɗanda har yanzu ke ɗaukar kaya a kan tudun. Direban dattijo ne, ya leƙo ya ce, "Samari, lafiya?"

Na ce, "Baba, zafi take ɗauka, tamostat zan cire."

Bai amsa ba. Ya ce in tashe ta ta ɗumama, sannan in kashe. Ya sa yatsa ɗaya ya kaɗa fankar. Ta juya, ta juya, kamar fankar ɗaki bayan an ɗauke wuta. Ya ce, "Ɗana, ga ɓarawonka."

Ashe fankar motar nan ba kai tsaye take manne da fulin da fanbel ke juyawa ba. Tsakaninsu akwai wani kasko na alminiyom mai ɗauke da man silikon mai kauri, a gabansa kuma 'yar ƙaramar waya naɗaɗɗiya. Iska mai zafi daga lagireto ta bugi wayar, ta murɗa, ta buɗe wa man hanya, man ya kama, fanka ta ja da ƙarfi har ka ji tana ruri. In man ya tsiyaye da shekaru, za ka ga fanka tana juyawa, amma juyin banza ne. Na shafa bayan kaskon, sai ga maiƙo haɗe da ƙura. Wata tara ina kallon wannan maiƙon ina cewa dattin tsufa ne. Mai lafiya, in inji da zafi, ka kaɗa ta ba ta yin zagaye guda take tsayawa. Gwajin daƙiƙa biyar, da na yi shi a Kano.

Gyaran hanya muka yi, ba na gareji ba. Muka yanka tiyub siri-siri, muka naɗe tsakanin kaskon da gindinsa tam, muka bi da waya muka ɗaure, ta zama fanka mai bin inji kai tsaye. Baba ya ja mini kunne kada in bar injin ya yi kuka sosai, don fankar roba ce, kuma tsohuwa, in reshe ɗaya ya ɓalle lagireto zai nufa. Sannan ya haska tsakanin lagireto da na AC, ga tsabar ciyawa da fukafukan fara sun yi kamar tabarma. Rabin jarkarmu a nan ta tafi, muna watsawa daga baya zuwa gaba. Na miƙa masa na goro ya ƙi karɓa.

Muka ƙarasa Maisamari a giya ta biyu, ƙafata rabin totur, allura ba ta sake motsi ba. Sanyin da ya tare mu a sama sai da muka nemi rigunan sanyi, hitar da ta gasa mu ɗazu ta zama abin so.

Kwana uku muka yi tsakanin Nguroje, gonakin shayi na Kakara da Gembu. Ƙarshen damina ne, jar ƙasar nan santsi kamar sabulu. Sau ɗaya muka kafe, na rage iskar tayoyi daga 35 zuwa 20, na sa ƙaramar giya, ta fito ba tare da turi ba. Man gas na jarka da muka saya ya zo da ruwa, fitilar filta ta kama. Na kwance ƙasan filtar na tsiyaye, na danna famfon da ke samanta har ya yi tauri, ta tashi bugu biyu. Wannan kam na koya a gida, hannuna bai yi rawa ba.

Saukowa ta fi ba ni tsoro. Mota mai nauyin sama da tan biyu, ga kaya, ga gangara mai tsawo. Na sauko da giyar da na hau da ita, birki kuwa taka-saki, ba jan ƙafa a kai ba. Duk da haka kusa da ƙasa na ji feda ta yi laushi. Man birki yana shan danshi daga iska, in ya tsufa sai ya tafasa da wuri, tururi kuma ba ya tura komai. Muka tsaya rabin awa a Mayo Selbe muka sha shayi, feda ta dawo.

Yanzu tana gareji. Kaskon fankar yana kan benci a buɗe, sukurorinsa cikin gwangwanin madara, ina jiran man silikon. Maigidana ya ce a sayi sabo a huta, ni kuma ina so in cika wannan da hannuna in ga ko zai yi ruri. Man birkin da muka zuƙe jiya launin shayi ne ba madara. Asabar mai zuwa zan koyi fitar da iska daga birki, ƙanena a kan feda, ni a ƙarƙashi.