Saffaya ruwan goro: dutsen na gaske ne, launin na wuta

Har yau in na hango dillalin nan a Idumota sai raina ya sosu, alhali ba zan ce ya yi mini ƙarya ba. "Wallahi Alhaji, asali ne." Asalin ne kuwa.

Wata Hajiya ce daga Agege ta ba ni aikin zoben 'yarta mai dutsen saffaya. Ta ce ba ta son shuɗi irin na Mambila, ruwan goro take so. Aka kawo mini dutse ya ɗan haura karat 2, wai daga Songea ta Tanzaniya. Fargabata duk kada a ba ni ganet ɗin jihar Oyo, wani dutsen ado na daban, don a ido launinsu kusan ɗaya ne, amma a ma'aunin tauri saffaya tana kan 9, bayan daiman mai 10, ganet kuwa ba ya wuce 7 da rabi. Na'ura ta nuna saffaya. Na biya kuɗin dutsen da ba a taɓa gasawa ba.

Kafin in ɗora shi a gwal, wani abokina mai yankan duwatsu ya tsoma shi a ruwan gwaji, ya haska fitila ta ƙasa. Sai ga gefe-gefen ruwan goro, cikin kuwa ruwan hoda ne mai fari-fari. Ya ce, "Malam, wannan dafaffe ne da sinadarin beriliyam."

Gasa saffaya ba sabon abu ba ne, yawancin na kasuwa sun sha wuta, ba wanda ke faɗa a kai. Wannan daban ne. Wajen ƙarshen 2001 aka fara ganin irinsu daga Tailan: a haɗa dutse mai mataccen launi da beriliyam, a ba shi wuta kusa da narkewa har sinadarin ya ratsa shi. Launin ba ya koɗewa, amma ba daga ƙasa ya zo ba, farashinsa kuma bai kama ƙafar na halitta ba. Nawa ma an yi sa'a bai ratsa duka ba. Wanda ya ratsa har ciki, sai babban ɗakin gwaji mai leza ne zai gano.

Dillali ya ce shi saffaya na tambaya, saffaya ya kawo. To me zan ce?

Na je na faɗa wa Hajiya komai. Ta juya dutsen a tafinta, ta ce ya yi mata, in rage mata kuɗi kawai. Ragin daga aljihuna ya fita, ladan aikin ma bai cike gurbin ba.

Yanzu duk mai kawo mini ruwan goro, balle wanda ya ambaci padparadscha ta Siri Lanka, wato saffaya mai launi tsakanin ruwan hoda da ruwan goro, sai ya rubuta a rasit da hannunsa: ba a gasa ba, an gasa, ko an sa beriliyam. In ya fara rantsuwa maimakon ya ɗauki biro, kuɗin dafaffe nake taya masa.