Yadda gatsen Inna ya koya wa ajina adabin Turanci

Shekarata ta farko ina koyar da adabin Turanci a wata sakandare ta ƙauye a yankin Gumel, abin da na iya kawai shi ne cika allo. In rubuta sunayen dabarun adon harshe, simile, metaphor, hyperbole, irony, in ja layi, in sa ma'ana a gefe, 'yan aji biyar su kwafa. Haddar kam sun iya ta, yaran da suka tashi da allon makarantar Alƙur'ani ba a koya musu tilawa. Amma da na ba su baiti huɗu na waƙar da ba su taɓa gani ba, irin wadda WAEC da NECO ke kawowa, na ce su nuna mini adon harshen da ke ciki, sai ajin ya yi tsit. Laifin ba nasu ba ne. Yawancin sunayen nan ma ba Turancin asali ba ne, daga Girkanci aka aro su, simile kuma daga Latin. Kalmar metaphor a can tana nufin ɗauke abu a kai shi wani wuri. Ni kuwa ina ta ɗora musu kaya ban nuna musu inda za su sauke ba.

Abin ya sauya ne a gidan da nake haya. Jikan mai gidan ya yi tuntuɓe da tulu ya fashe, ruwa ya malale tsakar gida. Inna, tsohuwar da ke da gidan, ko ɗaga murya ba ta yi ba, ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ka kyauta." Yaron ya fashe da kuka, don ya san ba yabo ba ne. Na ce, "Inna, wannan fa shi ne irony da nake fama in koyar sati biyu." Ta ce, "Malam, gatsen ma sai an je makaranta?"

Washegari na goge allo, na ba da aikin gida: kowa ya kasa kunne a gida, a gona, ko a kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya rubuto magana biyar da aka faɗa ba a nufin zahirinta. Sun kawo fiye da yadda na zata. "Baƙi ƙirin kamar gawayi," ga kamantawa, da "kamar" ɗinta tsaye a inda Bature ke sa like ko as. "Kano tumbin giwa," ga siffantawa, an cire "kamar" an ce ita ce kai tsaye. "Rijiya ta bayar, guga ya hana," mutuntarwa ke nan. "Na shekara ina jiranka," kambamawa. Wani ya kawo maganar babansa, "baki goma nake ciyarwa," na ce masa Turawa ma haka suke ƙirga iyali da baki, sunan abin synecdoche, wato a ambaci ɓangare ana nufin duka. "Ya riga mu gidan gaskiya" da "tana da juna biyu" suka gama mana darasin euphemism, wato sakaya magana mai nauyi, cikin minti biyar. Sai da suka gane abin da Hausa tukuna na liƙa masa sunan Turancin.

Daɗin nasara ya sa na yi sakaci. Na ɗauka tunda dabarar iri ɗaya ce, hotunan ma iri ɗaya ne. A gwajin tsakiyar zango na kawo jimlar da ta ce wani dattijo yana da hikima kamar mujiya. Wata yarinya, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta rubuta cewa gatse ne. Na soke da jan biro. Ta biyo ni ofis ta ce, "Malam, wa zai kamanta mutum da mujiya yana nufin alheri? Tsuntsuwar da ko 'yan'uwanta ba sa son ganinta?" Na rasa ta cewa. A wurin Bature mujiya alamar hikima ce tun zamanin Girkawa, a wurinmu kuwa abar ƙi ce, wayo kuma na dila ne, malamin daji. Tunaninta daidai yake, ni ne ban ba ta labarin mutanen da suka yi maganar ba.

Daga nan na fara lura da irin waɗannan ramukan, kuma suna da yawa. Mu in an ce mutum mai sanyin hali ne an yabe shi, zafin zuciya ne aibi. A Turanci mai sanyin zuciya shi ne marar tausayi, ɗumi ne abin yabo. Su ranar ruwa ranar wahala ce da ake yi wa tanadi, mu kuwa ran da hadari ya haɗo manomi murna yake. Mawaƙansu na yabon lokacin zafi don a Ingila ɗan taƙi ne, yaron da ya sha bazarar Afrilu a Jigawa ba zai ga abin yabo a nan ba sai an yi masa bayani.

Yanzu kowane darasi allona gida uku ne: maganar Hausa, takwararta ta Turanci, sai gida na uku na inda suka raba hanya. Na ukun ne ya fi cin alli. Yarinyar nan kuwa na mayar mata da makinta biyu a gaban aji, har suka gama 'yan ajin suna ce mata Lauyar Mujiya.