Godiya Ga Duk Waɗanda Suka Tsaya Mana A Jinyar Inna

Assalamu alaikum. A madadin iyalan gidanmu, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an sallamo Inna daga asibiti, kuma alhamdulillahi tana takawa da sanda.

Da yawa kun tambayi abin da ya same ta. Abin ya faro ne da tafin ƙafa yana mata dindiris, tana cewa kamar auduga take takawa. Daga baya in ta rufe ido wajen wanke fuska a alwala sai ta yi tangaɗi, da dare kuwa sai an riƙe ta. Wasu suka ce suga ne ya taɓa jijiya, wasu har sammu suka kawo.

Godiya ta musamman ga likitan jijiyoyi da ya dage a yi hoton MRI na laka, duk da tsadarsa. Na'urar da maganaɗisu take aiki, shi ya sa aka cire mata ɗan kunne da awarwaro. Ma'aikaciyar da ta lallashe ta saboda ƙarar na'urar, Allah Ya saka miki. Hoton ya nuna wani farin zane a bayan lakar wuya, siffar harafin V a kife. Ashe ta nan saƙo ke bi ya sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take. Gwajin jini ya tabbatar bitamin B12 ya yi ƙasa sosai, ƙarancinsa ne ya taɓa lakar.

Inna tana cin nama da ƙwai da nono, inda ake samun B12. Maganin suga na metformin da ta shafe shekaru tana sha shi ya rage wa hanjinta tsotsar sa. Likita bai hana ta maganin ba, allurar B12 ya ɗora ta a kai. Ya kuma ce da an ƙara jinkiri, wani lahanin ba zai gyaru ba. Mai tsoho da ke shan wannan magani, ku roƙi a duba masa.

Kawu da ya biya kuɗin hoton ba tare da an tambaye shi ba, maƙwabta da suka riƙa aiko da abinci, jama'ar masallacin unguwa da suka yi ta addu'a, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna.

Masu zuwa dubiya, bayan La'asar ya fi, don da safe tana zuwa gashin ƙashi.