Funfunar da ke kama huhu

Lokacin casar shinkafa a fadamun Argungu, ƙurar da manomi ke shaƙa tana iya ɗauke da funfunar Aspergillus, wadda ke rayuwa cikin ƙasa da ruɓaɓɓen buntu. Ba ta cika cutar da lafiyayye ba, amma wanda tarin tibi ya bar wa rami a huhu, takan zauna a ramin har ya riƙa tarin jini, a ɗauka tsohon ciwon ne ya dawo.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wani nau'inta cikin jerin funfuna mafiya haɗari. Abin da ya fi damuna shi ne wasu magungunan feshin gona danginsu ɗaya da itraconazole, maganin funfuna da likitoci ke bayarwa, saboda haka funfunar takan saba da su tun daga gona, maganin asibiti ya kasa kashe ta.